Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Ɗaliban Binciken Ƙashi da Shekarun Bayan Digirin Dakta

Gabatarwa

Duk wanda ya saba duba mujallun da ke buga sakamakon binciken ƙashi da cututtukansa zai lura da wani abu game da yadda ake jera sunayen marubuta. Sunan da ke farko galibi na ɗalibi ne mai neman digirin dakta, ko kuma na wanda bai daɗe da samun digirin ba, yana ci gaba da sanin makamar aiki a ƙarƙashin wani babban malami. Sunan babban malamin shi yakan zo a ƙarshe. Jerin ya yi daidai da yadda aikin yake gudana. Matasan nan su ne masu yini a ɗakin gwaje-gwaje, su ne masu yanka ƙashin ɓera falle-falle su ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma, su ne kuma masu auna marasa lafiya su tattara alƙaluma. Rukuni na biyu, wato waɗanda suka riga suka kammala digirin dakta, su ne Turawa suke kira fosdok. A wannan maƙala zan kira su ƴan bayan-dakta.

Ra'ayin da nake son karewa shi ne: jami'o'in ƙasashenmu na Sahel sun fara yaye masu digirin dakta a kimiyyar lafiya, amma ba su tanadar musu shekarun da ke biyo bayan digirin ba, alhali a waɗannan shekarun ne ɗalibi yake zama mai bincike mai cin gashin kansa. Wannan giɓi yana da illa a kowane fanni, sai dai illarsa ta fi tsanani a fannin ƙashi, saboda wani dalili da ke cikin halittar ƙashin kansa. Muddin ba a cike giɓin ba, da ilimin aro za mu ci gaba da duba ƙasusuwan mutanenmu.

Ƙashi Abu Ne Mai Rai, Kuma Ba Ya Gaggawa

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙashi tamkar azarar da aka kafa sau ɗaya aka gama. Ba haka abin yake ba. Ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi kullum cikin rushewa da ginuwa suke, kuma an ƙiyasta cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙwarangwal ne yake sabuntuwa a kowace shekara. Ƙwayoyin halitta iri uku ne suke wannan aiki. Akwai marusa, waɗanda masana ke kira ostiyokilas, masu narkar da tsohon ƙashi. Akwai magina, wato ostiyobilas, masu cike gurbin da sabo. Sai kuma matsara, wato ostiyosayit, waɗanda suke binne a cikin ƙashin, kuma su ne fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyinsa. Matsara su ne suke jin nauyin da aka ɗora wa ƙashi, su aika da saƙon inda za a rusa da inda za a ƙara gini. Tun a 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana sauya siffarsa gwargwadon nauyin da yake ɗauka, amma sai bayan fiye da shekara ɗari aka fahimci yawancin sinadaran da ke kai wannan saƙo.

Abin lura a nan shi ne lokaci. Marusa sukan gama aikinsu a wuri guda cikin kimanin mako uku, amma magina suna buƙatar wata uku zuwa huɗu kafin su cike ramin, sa'an nan ma'adinai su ci gaba da taruwa a sabon ginin har tsawon wasu watanni. Macen da al'ada ta ɗauke mata takan rasa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na cikar ƙashinta a shekara, wato yawan ma'adinin da ke cikinsa. Kuskuren awon na'urar DXA, wadda ake auna cikar da ita, shi ma yana kusa da wannan adadi. Ke nan wanda ya auna mutum yau, ya sake auna shi bayan wata shida, da wuya ya rarrabe sauyin gaskiya da kuskuren na'ura. Dole ya jira shekara ɗaya ko biyu. Mai binciken zazzaɓin cizon sauro yana iya ganin ko magani ya yi aiki cikin kwana 28. Mai binciken ƙashi ba shi da wannan gata.

Tarihin magungunan ƙashi ma shaida ne. A 1997 aka bayyana furotin da ake kira OPG, wanda yake taka wa marusa birki, a shekarar da ta biyo baya kuma aka tabbatar da cewa RANKL ne yake tayar da su. Maganin da aka gina bisa wannan ilimi, denosumab, bai sami izinin shiga kasuwa ba sai a 2010. Labari na biyu daga nahiyarmu ya faro. A cikin Turawan Afirka ta Kudu da ake kira Afirkana akwai wasu iyalai ƙalilan masu wata cutar gado da ke sa ƙashi ya yi ta kauri ba tsayawa. A 2001 aka gano cewa abin da suka rasa shi ne wani furotin da matsara suke fitarwa don dakatar da magina, aka sa masa suna sikilerostin. Sai masana suka ce, idan rashinsa yana kawo kaurin ƙashi, toshe shi da gangan zai iya taimakon mai zaizayar ƙashi. Maganin romosozumab ya sami izini a 2019, shekara 18 bayan gano ƙwayar gadon. A tsawon waɗannan shekaru, ayari bayan ayari na ɗalibai da ƴan bayan-dakta ne suka yi ta miƙa wa juna aikin, kowa ya ɗora daga inda na gabansa ya tsaya.

Darasin Jos da na Keneba

Mai karatu zai iya cewa, tun da an riga an yi wannan wahala a Turai da Amurka, me zai hana mu karɓi sakamakon mu huta? Bincike biyu da aka yi a Afirka ta Yamma sun isa amsa.

Na farko ya shafi riket, cutar laushin ƙashin yara wadda take jawo gwame da ƙafar baka. Tun daga aikin Edward Mellanby a Ingila a 1919, da na Elmer McCollum a Amurka wanda ya kai ga sanya wa bitamin D suna a 1922, littattafan likitanci suka tsaya a kan cewa rashin bitamin D ne sanadinta. Wannan gaskiya ne a biranen Turai masu hayaƙi da ƙarancin rana, domin fata tana ƙera bitamin D ne idan rana ta taɓa ta. To amma me ya sa ake ganin cutar a garuruwan da rana take dukan yara tun safe har yamma? Likita Tom Thacher da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jos sun gwada yara 123 masu riket na tsawon mako 24. Wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu kuma duka biyun. Sakamakon da aka buga a 1999 ya nuna cewa waɗanda suka sami kalsiyam, da bitamin D ko babu, sun fi warkewa. Abincin yaran ne ba shi da kalsiyam, kimanin miligiram 200 kawai a rana. Abinci ne na hatsi da ba a haɗa shi da nono, kuma hatsi yana ɗauke da sinadarin da ke ɗaure ɗan kalsiyam ɗin da ke akwai ya hana hanji tsotse shi. Daga baya masu binciken suka nuna cewa garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, da kuma garin farar ƙasa ta dutse, suna iya warkar da cutar. A 2016 matsayar da masana na duniya suka cimma a kan riket ta amince cewa yaron da ya wuce shekara ɗaya, idan kalsiyam ɗin abincinsa bai kai miligiram 300 a rana ba, yana cikin haɗari ko da bitamin D ɗinsa bai yi ƙasa sosai ba.

Na biyu daga ƙauyen Keneba na Gambiya ya fito, inda matan karkara suke samun kimanin miligiram 350 na kalsiyam a rana, suna kuma haihuwa da shayarwa a jere. Hankali zai ba mutum cewa ƙarin kalsiyam ga mai juna biyu a irin wannan wuri zai ƙarfafa ƙashinta. Masanin Gambiya Landing Jarjou, tare da Ann Prentice da sauran abokan aiki, sun ba wasu mata miligiram 1,500 a rana daga mako na 20 na ciki har haihuwa, wasu kuma aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta. A 2010 suka buga abin da ba wanda ya zata: a lokacin shayarwa, matan da suka sha kalsiyam sun fi ƴan uwansu ƙarancin ma'adini a ƙashin ƙugu. Da aka sake auna su bayan shekaru, aka tarar bambancin yana nan, aka buga wannan a 2013. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne, jikin da ya saba tattalin ɗan abin da yake samu, ƙarin na ɗan lokaci ya dagula masa wannan sabo, sa'an nan aka janye ƙarin daidai lokacin da shayarwa take neman kalsiyam. Wannan ba ya nufin mai ciki ta bar shan abin da likita ya ba ta, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kalsiyam ga masu ciki a wuraren da abinci yake da ƙarancinsa don rage haɗarin hawan jini da jijjiga, kuma wannan batu ne na rai da mutuwa. Abin da yake nufi shi ne akwai tambaya game da abin da ya kamata a yi bayan haihuwa, kuma ba a Landan ko Faris za a amsa ta ba.

Hatta ma'aunin da ake yanke hukuncin zaizayar ƙashi da shi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a 1994, da ƙasusuwan matasan mata fararen fata ake gwada shi. Da shi ake auna tsohuwar da ta yi shekara hamsin tana daka da ɗaukar tulu. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Tambayoyin da Ke Jira a Gida

Ɗalibin da ke neman abin da zai bincika ba ya buƙatar tafiya nesa. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da miligiram 1.5 a kowace lita, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, nesa ba kusa ba. An shekara fiye da goma ana sha kafin a gane. Haƙoran yara suka dafe, ɗaruruwansu kuma ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Fuloraid yana zuga magina su yi gini mai yawa amma maras inganci, kuma binciken da aka yi a Indiya ya nuna cewa ɓarnarsa ta fi muni ga yaron da abincinsa ba shi da kalsiyam. Waɗannan yara yanzu manya ne. Yaya ƙasusuwansu suke a yau? Wane sauyi aka samu bayan an sauya ruwan? Me haihuwa da shayarwa suka yi wa matan cikinsu? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi aikin shekaru ce.

A Zamfara, gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010. An yi wa dubbai magani, an kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga ƙauyuka. Sai dai dalma tana barin jini ne cikin makonni, a ƙashi kuwa takan zauna shekaru gommai, domin jiki yana ajiye ta a inda yake ajiye kalsiyam. Idan mace ta sami ciki ko tana shayarwa, marusa suna ƙara himma don samar wa jariri kalsiyam, sai dalmar da ke ɓoye ta biyo shi zuwa cikin jini. Yaran matan da suka tsira a 2010 sun kai shekarun aure da haihuwa a yanzu. Wannan tambaya ce ta ilimin ƙashi tsantsa, kuma lokacin amsa ta yana wucewa.

Ga kuma amosanin jini, wato sikila, wadda ba gidan da bai san ta ba a yankinmu. Jinin da ya toshe ƙananan jijiyoyi yana kashe kan ƙashin cinya, sai ka ga saurayi ɗan shekara ashirin yana ɗingishi irin na tsoho. Ƙwayar cutar salmonela kuma tana yawan kama ƙashin masu sikila ta sa shi ruɓa. Cibiyar kula da masu wannan cuta da ke Yamai wuri ne da mai bincike zai iya bin marasa lafiya shekara da shekaru, ya gano su wa ke cikin haɗarin mutuwar ƙashi tun kafin ta auku. A ƙarshe akwai karaya. Haɗarin babur ya cika asibitoci, tsofaffi suna ƙaruwa, kuma a ƙasashe masu arziki ma kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na tsofaffin da suka karye a ƙugu ba sa cika shekara. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara da ke da ƙididdigar irin wannan karaya kaɗan ne, dalili ɗaya kuwa shi ne mai karaya wurin maɗori yake fara zuwa, sau da yawa ma can yake ƙarewa. Wanda yake son sanin adadin gaskiya dole ya zauna da maɗora, ya sami amincewarsu, kuma wannan ba aikin wata uku ba ne.

Inda Igiyar Take Tsinkewa

Yanzu a dubi rayuwar ɗalibi. A tsarin da jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci suke bi, shekara uku aka ware wa digirin dakta. Shekarar farko takan tafi wajen karatu, neman izinin kwamitin ɗa'ar bincike, da jiran kuɗi. Ta biyu a fara tattara mutane a yi awon farko. A ta uku ana rubuta kundi. Ke nan daidai lokacin da ƙashi zai fara ba da amsa, wato awo na biyu da na uku, a lokacin ne ɗalibin yake kare kundinsa a tafa masa.

Daga nan hanya biyu ce a gabansa. Idan ya yi sa'a aka ɗauke shi koyarwa, sai a danƙa masa azuzuwa masu ɗaruruwan ɗalibai, da tarin takardun jarrabawa, da aikin ofis. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, tana neman maƙalu kafin ta ƙara wa malami girma. Wanda ba shi da lokaci kuma ana neman maƙala a hannunsa zai zaɓi binciken da ake gamawa cikin wata biyu, ya raba takardun tambayoyi ya ƙirga amsoshi. Mutanen da ya auna a lokacin digirinsa kuwa sun watse, ba mai sake nemansu. Hanya ta biyu ita ce ya tafi Turai, Amurka ko Kanada a matsayin ɗan bayan-dakta. Can zai sami kayan aiki da horo na gaske, amma tambayar da zai yi wa hidima ta mai ɗakin gwajin ce, domin shi ya nemo kuɗin. Bayan shekara huɗu ya ƙware a kan wani nau'in ɓera da aka sauya wa ƙwayar gado, wanda ba a iya kiwonsa sai a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. Idan ya dawo ba shi da abin aiki, idan ya zauna mun rasa shi. Ta kowace hanya aka bi, an yi shuka an bar gonar kafin girbi.

Hujjojin Masu Ja

Akwai masu cewa ƙasar da zazzaɓin cizon sauro, tamowa da mutuwar mata wajen haihuwa suke addaba ba ta da rarar kuɗin binciken ƙashi. Maganar tana da nauyi. Sai dai misalan da aka kawo a sama duk a cikin waɗancan matsalolin suke: riket batun abinci ne, Tibiri batun ruwan sha, Keneba batun lafiyar mai ciki. Cutar ƙashi ba ta cika kashewa nan take ba, nakasa take bari, kuma manomin da ƙugunsa ya mutu yana da shekara 25 nauyi ne a kan iyalinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Wasu kuma za su ce jami'o'inmu suna fama da ƙarancin malamai, saboda haka ba za a ɗauke sabon dakta daga aji ba. Amsa ita ce ba a ce a ɗauke shi ɗungurungum ba, a rage masa ne na ɗan lokaci. Malamin da bai taɓa kai bincike nasa na kansa ƙarshe ba, shi ne gobe zai duba kundin wasu. Abin da bai samu ba, ba zai iya bayarwa ba.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi: tsarin bayan-dakta a inda aka ƙirƙiro shi ma yana da ciwo. A Amurka mutum yakan shekara biyar ko fiye yana yawo daga kwantiragi zuwa kwantiragi da ƙaramin albashi, ba tabbacin aiki. A ƙarshen 2022 ma'aikatan ilimi kimanin 48,000 na Jami'ar Kalifoniya, ciki har da ɗalibai masu neman manyan digiri da ƴan bayan-dakta, sun yi yajin aiki na makonni a kan albashi. A 2024 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta ɗaga mafi ƙarancin abin da take biyan ɗan bayan-dakta zuwa dala 61,008 a shekara, bayan koke ya yi yawa. Wannan gargaɗi ne da ya kamata a ji. Abin da za mu ɗauka daga tsarin shi ne keɓantaccen lokacin bincike a ƙarƙashin jagora. Zaman jiran da ba shi da ranar ƙarewa kuwa, mu bar musu kayansu.

Dogaro da masu ba da tallafi na waje shi ma an ga iyakarsa. Shirin FLAIR, wanda Cibiyar Kimiyya ta Afirka da takwararta ta Ingila suka fara a 2019 don tallafa wa matasan masu bincike a jami'o'in Afirka, ya tsaya a 2021 sa'ad da gwamnatin Birtaniya ta zaftare kuɗin agajinta. Ƙasashen Tarayyar Afirka sun yi alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a kan bincike, kuma mafi yawansu ba su kusanci wannan adadi ba.

Abin da Ya Kamata a Yi

Ga jami'o'i da ma'aikatun ilimi mai zurfi, shawarata ita ce a ƙirƙiri muƙami na shekara biyu zuwa uku ga sabon dakta, mai albashi daga kasafin ƙasa, wanda koyarwa ba za ta ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinsa ba. A ba shi jagora da aka ambata da suna, a ba shi ɗan kuɗin mai da na sinadaran gwaji, a kuma faɗa masa tun ranar farko sharuɗɗan da zai cika ya zama malami na dindindin. Ko gurbi biyu ko uku ne a shekara a kowace tsangayar lafiya, a fara. Wajen tantance shi, a ba wa bibiyar mutane na tsawon shekaru daraja fiye da yawan maƙalu. Na'urar DXA kuma ba sai kowace jami'a ta mallaka ba. Guda ɗaya mai tsayayyar wuta, da ma'aikacin da ke daidaita ta kowace safiya, da ƙofa a buɗe ga masu bincike na maƙwabtan jami'o'i, ta fi guda biyar da ke lulluɓe da ƙura.

Ga ɗalibin da zai fita waje, ba ina cewa ya raina aikin ɓera da na ƙwayoyin halitta ba. Labarin sikilerostin ya nuna cewa daga majinyaci ake zuwa ɗakin gwaji, daga can a dawo da magani, kuma wanda bai san yadda marusa da magina suke aiki ba, ba zai fahimci abin da ya gani a Tibiri ba. Amma ya tafi da tambayarsa a aljihu, ya kuma haɗa da dabarun da za su iya biyo shi gida: karanta hoton eksire na wuyan hannu da gwiwa bisa ma'aunin maki goma da aka tsara a binciken Jos, gwajin jini na alkalin fosfatas, awon fuloraid a ruwa da fitsari, auna abincin da yaro ya ci da sikeli, da ilimin ƙididdiga mai zurfi. Kafin ya ɗauki samfurin jini ko na ƙashi ya tsallaka da shi, a rubuta a takarda wa ke da samfurin, wa ke da alƙaluman, sunan wa zai zo farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga manyan malamai kuma, kowane ɗalibi ya bar wa na bayansa rajista mai tsabta, da sunayen ƙauyuka da izinin komawa, domin wanda zai zo ya ɗora. Keneba ta ba da amsoshin da ta bayar ne saboda an yi shekaru gommai ana komawa wurin mutane ɗaya. Haka nan a koma wa mutanen da aka auna da sakamako cikin harshen da suke ji. Uwar da aka gaya wa da Hausa ko Zabarmanci cewa nono, miyar kuka da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya suna gina ƙashin ɗanta, za ta sake kawo shi awo baɗi.

Kammalawa

Mafi yawan ƙashin da mutum zai rayu da shi yana tara shi ne kafin ya cika shekara 20, abin da ya rasa a wannan lokaci kuma da wuya ya mayar da shi daga baya. Yawancin al'ummar ƙasashenmu ba su kai wannan shekarun ba tukuna, ke nan ƙasusuwan da za su ɗauki yankin nan shekara hamsin masu zuwa yanzu ake gina su, da abincin da muke da shi da ruwan da muke sha. Masu iya gaya mana yadda ginin yake tafiya suna nan a jami'o'inmu, wasu suna rubuta kundi, wasu sun gama suna neman takardar izinin fita. Shekara biyu ko uku na albashi da natsuwa ne tsakaninsu da zama masu binciken da muke buƙata, kuma wannan kuɗi ne da kasafin kowace ƙasa a yankin zai iya ɗauka.